Kyamarar Lélia: yadda mai tsara birane da masanin tattalin arziki suka koma harkar hoto

A shekarar 1970 wata ɗaliba 'yar Birazil da ke karatun zanen gine-gine a Faris ta sayi kyamara. Karatu ne ya sa ta saya, domin ɗalibin gini ba ya rabuwa da ɗaukar hoton gidaje da tituna waɗanda zai zauna ya nazarta daga baya. Kyamarar ƙirar Pentax ce, a Janeba aka saye ta saboda ta fi araha a can. Mijinta, wanda ke neman digirin digirgir a fannin tattalin arziki, yana da shekara 26 a lokacin, kuma bai taɓa ɗaukar hoto ba. Ya karɓa ya leƙa ta cikinta, ya ɗauki matarsa tana zaune a bakin taga. Daga ranar kyamarar ta fi zama a hannunsa fiye da hannun mai ita.

Mijin shi ne Sebastião Salgado, wanda ya rasu ranar 23 ga Mayu, 2025. Ana lissafa shi cikin manyan masu ɗaukar hoton shaida na duniya, wato hoton da ke nuna rayuwar mutane yadda take, don ya zama hujja ga wanda bai je wurin ba. Matar ita ce Lélia Wanick Salgado. Yawanci idan ana ba da wannan labari nasa ake bayarwa, a ce ga masanin tattalin arziki da ya ajiye albashi mai tsoka ya bi abin da ransa ke so. Ni a wurina labarin mutum biyu ne, kuma sauyin sana'ar da ya fi jan hankalina shi ne nata. Ita ce ta karanta tsara birane, ita ce ta bar shi ta shiga harkar hoto ba tare da ta zama mai ɗauka ba. Ba na jin za a gane yadda nasa sauyin ya yi nasara idan aka cire ta daga lissafi.

Daga Vitória zuwa Faris

An haifi Salgado ranar 8 ga Fabrairu, 1944, a Aimorés, wani ƙaramin gari a jihar Minas Gerais, a kwarin kogin Doce. Mahaifinsa na da gonar kiwon shanu, shi ne kuma namiji tilo cikin 'ya'ya takwas. Yana ɗan shekara 15 aka tura shi karatu Vitória, birnin bakin teku, inda ya haɗu da Lélia a 1964, shekarar da sojoji suka ƙwace mulkin ƙasar. Suka yi aure a 1967, suka koma São Paulo ya yi digirinsa na biyu. Dukansu biyu suna cikin matasa masu adawa da mulkin soja. Bayan dokar da sojojin suka kafa a Disambar 1968, wadda ta rufe majalisa ta kuma buɗe ƙofar kame da azabtarwa, zama ya gagara. A 1969 suka fice zuwa Faransa, ba su sake taka ƙasarsu ba sai bayan afuwar 1979.

A Faris Lélia ta karanta zanen gine-gine a makarantar Beaux-Arts, ta haɗa da tsara birane a Jami'ar Faris ta 8. Ba ƙaramin lokaci ba ne ga ɗalibin wannan fanni. Gwamnatin Faransa na rushe unguwannin kwano da katako irin na Nanterre, inda leburori 'yan Aljeriya suka yi shekaru a cikin taɓo, tana kwashe mutane zuwa dogayen benayen haya a bayan gari. Muhawarar da ake yi a azuzuwa ita ce ko wanda ya zana unguwa a kan takarda ya san mutanen da za su kwana a cikinta. Wannan tambaya ba ta bar gidan Salgado ba har ƙarshe.

Shawarar da aka yanke a cikin kwalekwale

A 1971 Salgado ya samu aiki a Ƙungiyar Gahawa ta Duniya da ke Landan. Aiki ne na rufin asiri, ga albashi, ga gida, ga mota. Abin da aka ɗora masa shi ne nazarin yadda ƙasashen da suka dogara da gahawa za su ƙara wasu amfanin gona, don kada faɗuwar farashin abu guda ta durƙusar da su. Wannan ya riƙa kai shi Ruwanda da Burundi da Kwango tare da jami'an Bankin Duniya. A Ruwanda yana cikin waɗanda suka yi aikin faɗaɗa noman ganyen shayi. Kowace tafiya kyamara na cikin jakarsa, kuma ya sha faɗa daga baya cewa idan ya dawo Landan, hotunan da ya ɗauko sun fi faranta masa rai fiye da rahoton da zai rubuta.

Ina ganin na fahimci dalili, kuma bai kamata a raina rahoton ba. Rahoto ne ke kawo kuɗin gina masana'antar shayi. Sai dai rahoto kadada nawa da tan nawa ya sani. Matar da ke tsinkar ganyen tun asuba da goyo a bayanta, a rahoto ta zama "ma'aikata". Mai tsara gari ma haka abin yake gare shi, unguwa mai mutum dubu goma ɗan akwati ce da aka shafa wa launi a taswira. Akwai ma'aikatan da wannan nisa ba ya damunsu, suna kuma yin aikinsu da gaskiya. Akwai waɗanda yake ci musu rai.

A 1973 aka yi masa tayin aiki a Bankin Duniya a Washinton, wanda shi ne burin duk wani matashin masanin tattalin arziki daga ƙasa mai tasowa. Kamar yadda ya ba da labari, shi da Lélia suka hayi ƙaramin kwalekwale a tafkin lambun Hyde Park, suka daɗe suna tattaunawa a kan ruwa, suka fito da shawarar ya ajiye aiki. Suka sayar da abin da suka mallaka, suka sayi kayan hoto, suka koma Faris suka kama ɗan ɗaki a can ƙololuwar bene, irin wanda a da ake ba 'yan aiki. Shekarunsa 29.

Masu son labarin jarumta a nan suke tsayawa su yi tafi. Amma a duba abin da ke ƙasa. Shekara uku ya yi yana koyo kafin ya ajiye aiki. Tun a masaukin ɗalibai na Faris ya haɗa ɗakin wankin hoto yana wanke wa 'yan'uwansa ɗalibai suna biyansa. Yana da takardun da zai koma wa idan abin ya ƙi. Ya san Afirka ta hanyar aiki, ya san ƙungiyoyin agaji da irin yarensu. Sannan yana da mata da ta yarda ta riƙe gida da ɗan abin da take samu, ga karatu ba ta gama ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, su ma ba su fafe ba.

Tawa, 1973

Babban aikinsa na farko a ƙasar Hausa ya yi shi. Farin da ya soma tun 1968 ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka ƙare, Buzaye da Fulani suka gangaro garuruwa da abin da ya rage musu, sansanin Lazaret da ke gefen Yamai ya cika da mutane. A Afrilun 1974 Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani, kuma yadda aka yi da abincin agaji na cikin dalilan da sojojin suka bayar. Cikin wannan hali na fari, a 1973, Salgado ya iso Nijar tare da Lélia, tana ɗauke da cikin ɗansu na fari. Ƙungiyoyin agaji na coci a Faransa ne suka buɗe musu hanya. A Tawa ya ɗauki iyaye mata sun yi layi suna jiran abincin 'ya'yansu.

Da suka koma Faris, ƙungiyar Katolika mai yaƙi da yunwa da ake kira CCFD ta zaɓi hoto guda daga ciki ta buga shi a allon neman taimako da aka lilliƙa a coci-coci a faɗin Faransa. Kuɗin da aka biya su ba kaɗan ba ne ga masu zaman ɗaki ɗaya. Suka zuba shi a kyamarorin Leica.

Wannan wuri ne da ba na iya wucewa da sauri. Sana'ar baƙo ta tsaya da ƙafarta ne a kan hoton yunwar mutanenmu. Gaskiya ne hoton ya tara kuɗin agaji, gaskiya ne kuma ya saya wa mai ɗaukarsa kayan aiki. Dukansu biyun sun faru, ba wanda ya soke ɗaya. Zan dawo kan batun.

Shekarun da suka biyo baya na neman gindin zama ne. Ya shiga kamfanin dillancin hotuna na Sygma a 1974, ya ɗauki juyin juya halin Fotugal da ƙarshen mulkin mallaka a Angola da Mozambik. Ya koma Gamma a 1975, sannan Magnum a 1979. A 1978 hukumar garin La Courneuve, a bayan Faris, ta ba shi aikin ɗaukar rayuwar mazauna wata makekiyar unguwar benaye da ake kira gidaje 4000, irin unguwannin da matarsa ta karanta yadda ake zana su. Ranar 30 ga Maris, 1981, yana bin tawagar Shugaba Ronald Reagan a Washinton aka harbi shugaban a ƙofar otal ɗin Hilton. Hotunan da ya ɗauka a wannan ɗan lokaci suka zaga duniya, kuɗinsu ya saya musu gida a Faris. Ba ya son a san shi da su, domin sa'a ce ta ba shi, aikin da yake so kuwa na shekaru ne.

Inda mai tsara birane ta shigo

Sauyin Lélia a hankali ya zo, babu ranar da za a nuna a ce ga ta. Da farko idan yana can wata ƙasa ita ke ɗaukar hotunan ta bi ofisoshin mujallu tana tallata su, ita ke adana su, ita ke bin kuɗi. Daga nan ta yi aiki a mujallun hoto, ta kuma shugabanci zauren baje kolin Magnum a Faris a tsakiyar shekarun 1980. Littafinsa kan manoman karkarar Latin Amurka, wanda ya fito a 1986, ita ta tsara shi, kuma tun daga nan kusan duk littafinsa da baje kolinsa aikin hannunta ne. A 1994 suka bar Magnum suka kafa nasu kamfanin, Amazonas Images, ita ce shugaba, kuma aikin mutum ɗaya tak kamfanin ke kula da shi.

Me ake koya wa mai tsara gari? Ana koya masa ya kalli taswirar gaba ɗaya kafin ya aza harsashin gida guda. Ana koya masa lissafin shekara goma ko ashirin, ya raba aiki zango-zango, ya san daga ina kuɗin kowane zango zai fito. Ana koya masa neman izini daga hukumomin da ba sa jituwa da juna. Ana kuma koya masa tunanin mai tafiya a ƙasa, ta ina zai shigo, me zai fara gani, ina zai gaji ya nemi inuwa. Duk wanda ya duba manyan ayyukan Salgado zai tarar da waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Yawancin 'yan jaridar hoto na zamaninsa edita ke tura su, su yi mako guda su dawo. Su kuwa sai su zauna su zana aikin shekara shida ko takwas, su jera ƙasashen da za a je da lokacin da ya dace da kowace, sannan su ƙulla yarjejeniya da manyan mujallu waɗanda za su riƙa buga kowane zango suna biya. Aikinsu na Genesis, kan sassan duniya da hannun ɗan'adam bai ɓata ba, wanda ya ɗauki 2004 zuwa 2011 da tafiye-tafiye 32, haka aka yi shi, mujallu da jaridu irin su Paris Match da The Guardian da Rolling Stone suna bugawa kashi-kashi tun kafin littafin ya fito a 2013.

Littafin Workers, wato ma'aikata, wanda ya fito a 1993, shi ne ya fi nuna yadda sana'o'in nan biyu na farko suka haɗu. Tunanin na masanin tattalin arziki ne: injuna da kwamfuta na gab da kawar da aikin ƙarfi irin wanda aka gina duniyar masana'antu da shi, don haka a ɗauke shi kafin ya ɓace. Hatta babi-babin littafin kamar na rahoton tattalin arziki suke, noma, abinci, haƙar ma'adinai, masana'antu, man fetur, gine-gine. Ya ɗauki masu saran rake a Birazil da Kyuba, da masu farfasa tsofaffin jiragen ruwa a Bangaladash, da masu ɗauko farar wuta daga bakin dutse mai aman wuta a Indunisiya, da masu kashe gobarar rijiyoyin mai a Kuwaiti a 1991. Ya koma Ruwanda ya ɗauki masu tsinkar ganyen shayi, mutanen da shekara ashirin kafin nan ya rubuta a rahoto da lambobi.

Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne ramin zinari na Serra Pelada, a jihar Pará, 1986. Mutum kusan 50,000 ne a cikin rami guda, babu inji, kowa na ɗauke da buhun ƙasa a wuya yana hawa tsanin katako, jiki duk laka. Mai kallo na iya zaton bayi ne. Salgado ya dage cewa ba bayi ba ne. An yanka ramin fili-fili ƙanana, kowane fili da mai shi da 'yan kwadagonsa, kuma ɗan dako na da rabo a cikin abin da aka samu, don haka kowane buhu na iya zama arzikinsa. A cikinsu har da waɗanda suka yi jami'a. Wanda bai karanta tattalin arziki ba zai iya ɗaukar hoto mai ban tsoro a wurin, amma da wuya ya tsaya tambayar yadda ake raba riba. Wannan tambaya ce ta sa a hotunan, ban da taron da ya yi kama da tururuwa, akwai fuskoki na kusa, mutane masu lissafi da buri.

Birane

A aikin da ya biyo baya, na ƙaura da gudun hijira, wanda suka yi daga 1993 zuwa 1999 littafin ya fito a 2000, an keɓe kashi mai yawa ga manyan birane: São Paulo, birnin Meziko, Alƙahira, Santambul, Bombai, Jakarta, Manila, Shanghai. A nan ne nake ganin idon Lélia ƙarara. Tambayar kashin ta mai tsara gari ce, idan ƙauye ya tashi ya zo birni ci-rani bai koma ba, ina zai kwana, ina zai sha ruwa, a me zai hau zuwa aiki?

Akwai hoton tashar jirgin ƙasa ta Churchgate a Bombai, 1995. Ya bar idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci, sai jiragen biyu suka fito tsaf a tsaye, mutanen da ke tsakaninsu kuwa suka narke suka zama kamar ambaliya mai gudu. Akwai na São Paulo, 1996, jarirai na gidan marayu suna rarrafe a kan rufin bene, a bayansu dogayen gine-ginen masu hali sun tokare sama. Ofishin tsare-tsare na iya fitar da adadin fasinjoji a sa'a guda ko adadin yaran da ba su da gida, kuma ana buƙatar adadin. Hoton na Churchgate shi ke sa wanda bai taɓa shiga jirgin ba ya ji matsin a ƙirjinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wajajen 2007 ne mazauna birane suka fara rinjayar mazauna karkara a duniya. Su sun gama aikinsu shekara takwas kafin nan.

Sukar da aka yi, da wadda na yarda da ita

A 1984 da 1985 Salgado ya koma Sahel, ya yi wata 15 tare da ƙungiyar likitoci ta MSF a Mali da Chadi da Habasha da Sudan. Wannan ita ce yunwar da a wajajen Maraɗi ake kira El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Littafin ya fito a Faransa a 1986. Masu buga littattafai a Amurka suka ce ya yi nauyi ba zai sayu ba, bai fito a can ba sai 2004.

Daga waɗannan hotuna ne babbar suka ta taso. A 1991 marubuciya Ingrid Sischy ta rubuta a mujallar The New Yorker cewa hotunan sun yi kyau fiye da kima, kuma kyau na sa mai kallo ya tsaya sha'awa maimakon ya tashi ya yi wani abu. A 2003 marubuciyar Amurka Susan Sontag ta kawo wata sukar, cewa a bayanan da ke ƙarƙashin hotunansa ba a faɗin sunayen marasa ƙarfi, ana barinsu a matsayin misalin talauci ko na hijira kawai, alhali manyan mutane kullum da sunansu ake buga su. Amsar da Salgado ya saba bayarwa ita ce shi ma daga wancan ɓangaren duniya ya fito, kuma bai ga dalilin da zai sa a nuna talaka da muni ba alhali hasken rana ɗaya ne a ko'ina.

A kan maganar kyau ina tare da shi. Akwai hoton wata mata a yankin Gundam na Mali, 1985, wadda ciwon ido da guguwar rairayi suka makantar, tana jiran rabon abinci, lulluɓe da baƙin mayafi. Ban ga abin raini a hoton ba. Da an nuna ta a wulaƙance, da ƙudaje a fuska kamar yadda talabijin ta saba a wancan lokaci, da shi ne cin mutunci. A kan maganar suna kuwa ina tare da Sontag, har ma ina ganin a wurinmu abin ya fi yadda ta faɗa nauyi. Babbar addu'ar Bahaushe ita ce rufin asiri. Magidancin da rumbunsa ya ƙare yakan sa a ɗora tukunya a kan wuta don kada maƙwabta su gane. Matar da ta fito ta shiga layin agaji a Tawa, sai da duk wata dabara ta ƙare mata. Hotonta ya shiga coci-coci da gidajen tarihi, ba a san sunanta ba, ba a san ko ta ga hoton ba, kuma 'ya'yanta da jikokinta, idan Allah ya raya su, suna nan a Adar. Niyyar mai ɗauka ta alheri ce, ban yi shakka ba, amma bashi ne da ba a biya ba.

Shi ya sa aikin Fati Abubakar ke da muhimmanci a wurina. Ita ma sauya sana'a ta yi, daga aikin jinya. A 2015 ta soma sa hotunan mutanen Maiduguri a Instagram ƙarƙashin sunan Bits of Borno, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, tare da abin da suka faɗa da bakinsu, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da ƙonannun gidaje. 'Yar gari ce, gobe za ta sake haɗuwa da wanda ta ɗauka a kasuwa.

Komawa ƙasa

Ruwanda ce ta karya Salgado. A 1994 ya bi hanyoyin da ya sani tun yana ma'aikacin gahawa ya tarar da gawarwaki jibge a gefen titi. Ya ga sansanin Benako a Tanzaniya ya cika cikin 'yan kwanaki, ya ga kwalara na kashe dubbai a kowace rana a sansanonin Goma. Jikinsa ya soma ciwo iri-iri, likita ya gaya masa ya daina, domin mutuwar da yake kallo ce ke cinsa. Ya yi niyyar ajiye kyamara.

A daidai wannan lokaci iyayensa suka tsufa suka miƙa musu gonar Aimorés, kimanin kadada 700. Yana yaro fiye da rabinta daji ne. A lokacin da aka miƙa musu ita, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, shanu sun tattake ƙasar, ruwan sama ya zaizaye tuddai, idanun ruwa sun ƙafe. Lélia ce ta ce su sake shuka dajin. A 1998 suka kafa cibiyar Instituto Terra, a ƙarshen 1999 aka yi dashen farko, fiye da rabin itatuwan suka mutu. Suka gyara yadda ake haƙa ramin dashe, suka soma da itatuwa masu saurin girma da jure rana don su yi wa na baya inuwa, suka kafa gandun renon tsiro nasu. Zuwa yau an dasa itatuwa sama da miliyan biyu da rabi, iri kusan 300 na asalin yankin. Tsuntsaye da namun daji sun dawo, ruwa ya sake ɓuɓɓugowa, cibiyar kuma ta faɗaɗa aikin zuwa farfaɗo da idanun ruwa a gonakin ƙananan manoma a kwarin Doce. A 2023 aka ba Lélia kyautar Gulbenkian ta hidimar ɗan'adam, tare da Cécile Bibiane Ndjebet ta Kamaru da Apai Janggut na Indunisiya.

Wannan ne karon da ta yi aikin da ta karanta a fili, taswira da zango-zango da lissafin shekara ashirin, sai dai mazauna unguwar da ta tsara itatuwa ne. Akwai tabo a nan ma. Kamfanin haƙar ma'adinai na Vale ya ba da tsiron farko, ya kuma ɗauki nauyin baje kolin Genesis. A Nuwamban 2015 madatsar dattin ma'adinai ta kamfanin Samarco, wanda Vale ke da rabinsa, ta fashe a Mariana, ta kashe mutum 19, ta kuma gurɓata kogin Doce har zuwa teku, kogin da ke ratsa Aimorés. Mutane da yawa a Birazil sun ga Salgado bai yi wa kamfanin magana da zafin da ya kamata ba. Tsarin da ke ba mutum damar yin aikin shekara takwas yana buƙatar mai zuba kuɗi, mai zuba kuɗi kuwa yakan sa harshe ya yi nauyi. Ina ganin masu sukar na da hujja.

Dajin da suka shuka ne ya mayar da shi ga kyamara. Babban aikinsu na ƙarshe kan dajin Amazon ne da al'ummomin asali da ke cikinsa, aka buɗe baje kolinsa a zauren Philharmonie na Faris a 2021 da hotuna sama da 200. Lélia ce ta zana wurin. Ta rage hasken zauren, ta rataye hotunan daji da koguna da gajimare daga sama a tsayi daban-daban, ba a jikin bango ba, ta yadda mai kallo zai riƙa ratsawa tsakaninsu kamar mai bin 'yar hanya a kurmi. A tsakiya ta gina ɗakuna masu siffar gidajen mutanen dajin, aka shafe su da jan launi irin na ƙasa. A cikin ɗakunan aka sa hotunan mutanen, da bidiyon shugabanninsu suna bayani da bakinsu kan masu haƙar zinari da masu saran itace da ke shigar musu ƙasa. A bayanan hotunan an rubuta ƙabilar kowa da ƙauyensa da sunansa.